Me Ya Sa Injin Mota Ke Ƙara Zafi Bayan An Kashe Shi?

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi ɗan bayani a kan wani al'amari da ya haɗa darasin kimiyya da aikin makanikanci, watau zafin da injin mota yake yi bayan an kashe shi. Zan fi mai da hankali ga motar da aka ɗora wa injinta na'urar nan da ake kira sufacaja, kuma a lokacin bazara. Yawancin mutane sun ɗauka da zarar direba ya murɗa makulli inji ya yi shiru, shi ke nan sai hucewa. Ba haka abin yake ba. A 'yan mintocin farko, ruwan inji da kayan da ke kewaye da shi ƙara zafi suke yi. A wannan ɗan lokaci ne mutane da yawa suke ƙona hannu da fuska, wasu kuma su jawo wa motarsu ɓarnar da za ta ci kuɗi masu yawa. Wanda ya kashe inji ya ce ya rabu da zafi, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

INDA ZAFIN YAKE FITOWA

Da farko dai ya kamata mu tuna cewa injin mota murhu ne. A cikin kowace silinda ana haɗa fetur da iska, fistin ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta. Ƙarfin wannan wuta shi ke tura fistin, har tayoyi su juya. Amma fa ba dukan ƙarfin da ke cikin fetur ne yake zama tafiya ba. In an kasa shi kashi uku, kusan kashi ɗaya ne kawai yake tura mota. Kashi ɗaya yana bin hayaƙi ya fita ta salansa, ragowar kashin kuwa sai ya shige cikin ƙarfen inji. Hayaƙin da ke fitowa daga silinda, in ana gudu sosai, yakan kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne ma'aunin da zan yi amfani da shi har ƙarshen wannan bayani. Gorar ruwa da aka yi ƙarfen kan inji da ita, watau alminiyam, tana narkewa a digiri 660. Kun ga ke nan in ba a sami mai kwashe zafin nan ba, inji ba zai daɗe ba.

Masu kwashe shi huɗu ne. Akwai ruwa, wanda yake zagayawa ta cikin ramukan da aka yi masa a jikin inji. Akwai famfon ruwa, wanda yake tura shi zuwa lagireto ya dawo. Akwai iska, wadda gudun mota da fanka suke kaɗawa ta cikin lagireto. Sa'an nan akwai baƙin mai, wanda ban da santsin da yake sa wa ƙarafa, yana ɗebe zafi daga ƙarƙashin fistin ya kai shi ƙasa. Muddin waɗannan huɗu suna aiki, ruwan inji yakan tsaya a wajen digiri 90, ko da kuwa wasu sassan salansa sun yi ja wur.

ABIN DA KE FARUWA IN AN MURƊA MAKULLI

To, a nan ne gizo yake saƙa. A yawancin motoci inji ne da kansa yake juya famfon ruwa da famfon mai. Saboda haka daidai lokacin da wuta ta mutu a cikin silinda, a lokacin ne masu kwashe zafin su ma suke tsayawa cik. Ruwa ya daina zagayawa, mai ya gangara ƙasa, iska ta ɗauke. Wutar ta mutu, amma zafin da ƙarfe ya riga ya sha yana nan daram, kuma doka ce ta kimiyya cewa zafi yana tashi daga wuri mai zafi ya nufi wurin da bai kai shi ba. Sai ya yi ta kwarara daga kan inji da bututun hayaƙi zuwa cikin ruwan da ke tsaye, da bututun fetur, da hanyar shigar iska, da wayoyi, da batir, da duk abin da bonet ya rufe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Duk wanda ya taɓa ganin an sauke tukunyar ƙasa daga murhu ya san miya takan ci gaba da ɓararraka bayan ta bar wuta. Haka kuma kowa ya san ɗakin siminti a watan Afrilu, yadda bango yake yini yana shan rana, sa'an nan da dare ya yi ta amayo zafi har mutum ya ɗauki tabarmarsa ya fita tsakar gida. Rana ta faɗi tun tuni, amma bango bai manta ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin wanda muke yi a ajin kimiyya. Kafin kilo ɗaya na baƙin ƙarfe ya ƙara digiri ɗaya, yana bukatar zafi kimanin kilojul 0.46. Kilo ɗaya na ruwa kuwa yana bukatar kilojul 4.2. Mu ƙaddara akwai ƙarfe kilo 10 a wajen bututun hayaƙi, zafinsa digiri 500, zai sauko zuwa 100. Zafin da zai saki shi ne 10 sau 0.46 sau 400, watau kilojul 1,840. Da za a zuba wannan duka cikin ruwa lita 7, da ya ƙara masa fiye da digiri 60. Gaskiya ne mafi yawansa iska ce take ɗauka, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ne ya shiga ruwan, ya isa ya ɗaga shi daga 90 ya wuce 100. Shi ya sa galibi a cikin mintoci goma zuwa ashirin na farko ne ruwan inji yake kai ƙololuwar zafinsa, daga nan kuma ya fara sauka sannu a hankali.

MENE NE SUFACAJA?

In ana neman sunan da ya dace da sufacaja a Hausa, ni a ganina babu kamar zugazugi. Maƙeri ya san gawayi ba ya ba da wuta mai ƙarfi sai an zuga shi. Haka inji yake. Inji na yau da kullum zuƙar iska yake yi da kansa, iyakar abin da silinda ta iya ja shi ne rabonsa. Sufacaja kuwa ɗura masa iskar take yi da ƙarfi, ta cusa fiye da abin da zai iya zuƙa. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, wuta ta ƙaru, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Abin sha'awa shi ne asalin na'urar ma zugazugin ne. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander Roots da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su ne suka yi rajistar wani irin famfon iska a shekarar 1860, aka riƙa amfani da shi wajen zuga wutar narkar da ƙarfe. Daga baya masu ƙera motoci suka ara. A shekarar 1921 kamfanin Daimler na Jamus ya nuna motocin Mercedes masu sufacaja a bikin baje kolin motoci na birnin Balin. Jamusawa suna kiran na'urar Kompressor, kuma wannan kalma ce muke gani rubuce a bayan wasu motocin Mercedes da ke yawo a titunanmu, irin su C180 da C200 masu injin lita 1.8 da aka ƙera tsakanin 2002 da 2007. Haka nan akwai Range Rover mai sufacaja, wadda ta fito a 2005 da injin silinda takwas mai lita 4.2. Duka waɗannan an shigo da su ƙasar nan da yawa, akasari bayan an gama morarsu a ƙasashen sanyi.

Kada a rikita sufacaja da 'yar'uwarta turbo, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Aikinsu ɗaya ne, amma turbo hayaƙin salansa ne yake juya ta, sufacaja kuwa bel ne yake juya ta daga jikin inji. Wannan bambanci yana da amfani, za mu dawo gare shi nan gaba.

Yanzu ga inda matsalar take. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Wanda yake shakka ya ɗauki famfon keke ya yi ta bugawa, sa'an nan ya taɓa gindinsa. In iska ta shiga sufacaja da zafin digiri 40, aka ƙara mata matsi da rabin nauyin iskar sarari, lissafi ya nuna za ta fito da kusan digiri 78, in da na'urar ba ta da asara ko kaɗan. Da yake babu na'urar da ba ta da asara, takan iya wuce digiri 100. Domin haka ne ake sa wa irin waɗannan motoci wani lagireto na biyu, wanda aikinsa shi ne sanyaya iskar kafin ta shiga silinda. A Mercedes ɗin da na ambata yana gaban mota, iskar hanya ce take sanyaya shi. A Range Rover kuwa yana zaune ne a saman inji, ruwa na dabam da famfon lantarki suke sanyaya shi.

To, ku duba abin da zai faru in an kashe irin wannan mota. Injinta ya ƙona fetur fiye da girmansa, saboda haka zafin da ya tara ya fi yawa. Kayan da ke cikin bonet sun cunkushe, iska ba ta da hanyar wucewa. Ita kanta sufacaja jikinta alminiyam ne, tana manne da inji, kuma alminiyam ba ya wasa wajen jan zafi. Zafi kuwa sama yake yi, bonet ya tare shi kamar murfin tukunya. Kafin rabin sa'a, sufacaja da bututunta da lagireton iska duk sun ɗauki zafin inji. Abin da aka sa domin ya sanyaya iska, shi ne yanzu zai gasa ta.

RAWAR DA BAZARA TAKE TAKAWA

Saurin hucewar kowane abu ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafinsa da zafin iskar da ke kewaye da shi. Ruwan inji mai digiri 95 a garin da iska take digiri 15, tazararsu 80 ce. Wannan ruwa ɗin a Sakkwato ko Maiduguri da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 42 a inuwa, tazararsa 53 ce kawai. Watau lagireto guda, fanka guda, amma aikin da za su iya ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Ƙara da kwalta da take turiri daga ƙasa, da rana da take dukan bonet daga sama, da na'urar sanyaya ɗaki wadda take zubar da nata zafin a gaban lagireto, sai ka ga mota ta iso wurin tsayawa tana dab da iyakarta tun ba a kashe ta ba.

ILLOLIN DA KE BIYO BAYA

Illa ta farko ita ce tafasar ruwa. Murfin lagireto ba murfi ba ne kawai. Yana riƙe matsi a ciki har ya kai kusan ninki biyu na nauyin iskar sarari, kuma a wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai digiri 120. Saboda haka ruwa yana iya kasancewa digiri 115 yana kwance shiru. Ana buɗe murfin matsin zai tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya nan take. Lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi takan cika wurin lita 1,700. Wannan ne yake feso wa mutum a fuska. Lokacin hutu nakan je garejin wani kawuna in taya shi aiki, kuma a cikin yaran da ke koyon aiki a layin da wuya ka rasa mai tabon wannan ƙuna a hannu. In kuwa murfin ya tsufa ba ya riƙe matsi, sai a ji mota tana ƙugi bayan an kashe ta, tana amayar da ruwa a ƙasa. Gobe a tashe ta da ruwa kaɗan, jibi gaskit ya ƙone.

Illa ta biyu ita ce wuyar tashi. Fetur gauraye ne na mai iri-iri, wasu daga ciki sukan fara zama tururi tun wajen digiri 40. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504, fetur yakan tafasa a cikin bututu, sai direba ya yi ta murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Motocin yanzu suna riƙe fetur a matse ko bayan an kashe su, domin hana wannan. Amma in famfon mai ya tsufa matsin yana zurarewa, tsohuwar cutar sai ta dawo: mota ta tashi lafiya da asuba, ta yi gardama da azahar.

Illa ta uku ita ce raguwar ƙarfi, kuma ita ce ta fi damun mai sufacaja. Mun karanta a dokar Jacques Charles cewa iska tana buɗewa in ta yi zafi. In muka mai da digiri 40 da 90 zuwa ma'aunin Kelvin, za mu sami 313 da 363. A raba na farko da na biyu, amsa ita ce 0.86. Watau in iskar da ya kamata ta shiga silinda da digiri 40 ta shiga da 90, an yi asarar kashi 14 cikin 100 na oksijin. Ba a nan abin ya tsaya ba. Iska mai zafi takan sa fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In aka bar wannan yana iya huda fistin. Kwamfutar mota tana da kunnen da ke jin ƙarar, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi domin ta ceci inji, ƙarfi kuma ya ƙara raguwa. Ku ɗauki direban da ya tsaya shan mai ko cin abinci na minti ashirin, ya hau hanya ya tarar da tirela, ya fita zai wuce ta yana dogara da ƙarfin da ya sani ɗazu. Ya taka totur, motar ta yi nauyi, ga wata tana tahowa. Wannan ba maganar kuɗin gyara ba ce kuma, maganar rai ce.

Illa ta huɗu a hankali take zuwa. Roba da filastik da suke gasuwa kullum sukan bushe su tsattsage, batir kuma kwanansa ya ragu. A motar turbo akwai ƙari, domin baƙin man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi yakan ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. Sufacaja ta tsira daga wannan, tun da hayaƙi ba ya bi ta cikinta, kuma irin wadda ke kan motocin da na ambata tana da manta na dabam.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancin rigakafin nan ba ya cin ko kwabo.

1. In an yi doguwar tafiya da gudu, a sassauta tun saura 'yan kilomitoci a isa. In ba a sami hali ba, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Ya fi haka ba shi da amfani, domin motar da ke tsaye ba ta samun iskar hanya. Kada a yi wannan a rufaffen gareji, hayaƙin mota guba ne.

2. A bar ɗabi'ar nan ta taka totur da ƙarfi sa'an nan a kashe inji. Ƙara itace ne a murhu daidai lokacin da za a kori mai fifita.

3. A nemi inuwa, a juya gaban mota wajen da iska take tahowa. In wurin amintacce ne, ɗaga bonet yana sa zafi ya fice da sauri. Kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa ko karan dawa, domin zafin salansa ya isa ya tada gobara.

4. In an ji fanka tana juyawa bayan an cire makulli, kada a tsorata, kada kuma a cire kan batir. Wasu motoci an yi su ne da fanka ko famfon lantarki mai ci gaba da aiki na 'yan mintoci saboda wannan matsala. Amma a nisanta hannu da riga daga fankar, tana iya tashi ba sallama.

5. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce har ana iya riƙe babban tiyo a matsa shi. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa. In tsautsayi ya auku wani ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti ashirin, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, a kai shi asibiti.

6. A yi amfani da ruwan inji na kanti wanda aka yi domin wannan aiki. Yana jure zafi fiye da ruwa zalla, yana kuma hana tsatsa. Ruwan rijiya yana barin farin dutse a cikin lagireto kamar yadda yake bari a buta. A sake murfin lagireto in robarsa ta mutu, a wanke ƙurar hunturu da ta toshe lagireton ruwa da na iska.

7. Kada a yarda a cire tamosta da sunan wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Aikinta shi ne tsai da ruwa a zafin da ya dace, cire ta kuwa yana sa mota shan mai, yana kuma ɓoye ainihin ciwon da ya sa inji zafi.

8. In an tashi motar da ta ɗan tsaya, allurar zafi takan nuna sama da yadda aka saba, sa'an nan ta sauko cikin minti ɗaya ko biyu da ruwa ya fara zagayawa. Wannan daidai ne. In ta ƙi saukowa, a kashe a nemi makaniki. Sa'an nan a yi tafiyar 'yan mintoci a hankali, iskar hanya ta wanke zafin da ke cikin sufacaja, kafin a ce za a wuce wata mota. Sannu ba ta hana zuwa.

KAMMALAWA

Wataƙila wani zai ce mu ɗalibai ne, ko keke ba mu da shi, ina ruwanmu da sufacaja? Amsata ita ce, dukanmu muna shiga mota, kuma sau da yawa yaro ake aika ya ɗebo ruwa ya zuba a lagireto. Cikinmu kuma akwai injiniyoyi da makanikai da direbobin gobe. Dokokin zafi da muke haddacewa domin jarrabawa, su ne dai suke aiki a ƙarƙashin bonet, ba su san Jamus ba, ba su san Sakkwato ba, digiri kawai suka sani. Ina fata duk wanda ya karanta wannan, in ya je gida hutu, zai gaya wa mahaifinsa ko yayansa mai mota cewa minti ashirin na farko bayan kashe inji lokaci ne na haƙuri.